Yadda Ake Ɗinka Jaket Ɗin Mata a Gida da Fatan na Sayarwa

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga masu ɗinki a gida: na sayi fatan ɗin jaket (takardun da ake ɗorawa a kan yadi a yanka sassan tufa da su), na buɗe ambulan na tarar da siraran takardu cike da layuka da lambobi, ta ina zan fara? Wasu kuma sun riga sun ɗinka, sai jaket ɗin ya fito kafaɗa a zube, kwala tana tashi, hannu a tattare. Ga yadda aikin yake daki-daki. Na ɗauka kin iya ɗinki miƙaƙƙe, kin taɓa ɗinka riga ko siket, kin san dat (ɗan ninkin da ake ɗinkewa don yadi ya bi siffar jiki). Abin da nake so ki riƙe tun yanzu shi ne zaman keke ne ƙaramin ɓangaren aikin. Awo, gwaji, manna gam (yadi mai danƙo da ake liƙawa a bayan yadin jaket don ya tsaya) da guga su ke cinye lokaci, su ne kuma suke raba jaket ɗin da za ki sa ki fita da wanda zai ƙare a ƙasan akwati.

1. Zaɓen fatan da saiz

Kamfanoni irin su Simplicity, McCall's, Butterick, Vogue, New Look da Burda duk suna da fatan ɗin jaket, kuma yawanci suna nuna matakin wahalarsa a jikin ambulan. A karon farko ki nemi wanda ba shi da kwala, ko mai kwala guda ɗaya da ta zagaye wuya ta sauko gaba. Kwalar kwat mai tsaga a ƙirji da aljihun da ake tsaga yadi a yi, ki bar su sai jaket na biyu.

Kada ki ɗauki saiz daga lambar da ke jikin kayan kanti da kike sawa, lambobin fatan daban suke. Ki ɗauki tef ki auna wuri huɗu a kan rigar ciki mara kauri: ƙirji a inda ya fi cika, saman ƙirji ta ƙarƙashin hammata, ƙugu, da kewayen mazaunai. Ki kwatanta da jadawalin da ke bayan ambulan.

A nan mutane da yawa suke ɓata jaket tun kafin su taɓa almakashi. Yawancin fatan na manyan kamfanonin nan an zana su ne ga mace wadda cikar ƙirjinta ta fi saman ƙirjinta da kusan santimita 5. Idan bambancin naki ya wuce haka, kika zaɓi saiz da awon cikar ƙirji, kafaɗa da wuya za su yi miki yawa, kuma gyaran kafaɗar jaket ya fi kowane gyara wuya. Sai ki ƙara santimita 5 a kan awon saman ƙirjinki, ki zaɓi saiz da wannan lambar, daga baya ki buɗa wajen ƙirji a jikin takarda. Akwai fatan da suke zuwa da gaba iri-iri gwargwadon girman ƙirji. Idan kin samu irinsu, sun rage miki aiki. Ƙugu da mazaunai ba matsala ba ne, ana iya jan layi daga wannan saiz zuwa wancan a gefe.

Gargaɗi: ki duba ko fatan ɗin ya haɗa da rarar ɗinki, wato ƙarin yadin da ake bari tsakanin layin ɗinki da bakin yadi. Na ambulan daga Simplicity, McCall's, Butterick da Vogue sukan haɗa da santimita 1.5. Waɗanda ake kwafowa daga mujallar Burda ba su da rara, ke za ki ƙara. Idan kuma na intanet ne da za ki buga da kanki, ki buga a kan girma 100 bisa 100, ki auna ɗan akwatin gwajin da ke shafin farko da rula kafin ki buga sauran.

2. Kayan aiki, da inda kuɗin yake tafiya

Bayan ambulan ya faɗi yawan yadin da za ki saya, kuma ya kasa shi biyu bisa faɗin yadi: santimita 115 da 150. Jaket mai tsayi zuwa mazaunai yakan ci wajen mita 2 zuwa 2.5 na mai faɗin 150, shafi mita 1.5 zuwa 2, gam mita 1 zuwa 1.5. Ki bi lambar ambulan, ki ɗora ɗan ƙari don gwaji.

Yadin sama shi ne ke cin kaso mafi girma na kuɗin. Ulu mai matsakaicin kauri ya fi kowane yadi jin guga da tururi, yana kuma ɓoye ƙananan kurakurai. Auduga mai kauri da lilin su ma suna da sauƙin sarrafawa, sai dai lilin yana saurin yamutsewa. Ki guji karan-miski, yadi mai sheƙi, da mai zanen dara ko ratsi a karon farko. Masu zanen nan sai an daidaita layukansu a kowane ɗinki, kuma suna cin yadi fiye da kima. Roba zalla tana da arha, amma ba ta kwanciya da guga, hannu kuwa sai ya ba ki wuya.

Inda ba na son ki yi tsimi shi ne gam. Wanda yake kamar takarda yana sandarar da gaban jaket, bayan wanki kuma ya yi ƙuraje. Ki nemi saƙaƙƙe mai laushi, wanda yake lanƙwasuwa tare da yadi. Bambancin kuɗinsu kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin yadin da zai lalata.

Sauran kaya: akoko ko tsohon zanen gado don gwaji, zare, maɓallai, soson kafaɗa idan fatan ya nema, alli, fil, almakashi mai kaifi, abin farke ɗinki, allurar keke lamba 80 ko 90 don yadin sama da lamba 70 don shafi. Sai dutsen guga mai tururi, ƙyallen auduga da za ki riƙa ɗorawa tsakanin dutsen da yadi, ɗan katako mai santsi na danne ɗinki, da ɗan matashi mai tauri na guge wurare masu lanƙwasa. Wannan matashin ba sai kin saya ba, ki ɗinka jaka mai siffar ƙwai ki cusa mata ƙyallaye har ta yi tauri.

3. Gwaji kafin yanka

Ki goge takardun fatan da dutse mai ɗumi ba tururi. Ya fi kyau ki kwafe saiz ɗinki a wata takarda ki ajiye ta asali, don idan saiz ɗin bai yi ba ki samu inda za ki koma.

Ki yanka baya, gaba, gefe da hannu biyu a akoko. Ba sai kin yi fesin (yankin yadin da yake rufe bakin gaba da wuya ta ciki), aljihu ko shafi ba. Ki zana layin tsakiyar gaba da layin ƙugu da biro, ki haɗa da dogon ɗinki mai sauƙin farkewa. Ki sa a kan irin rigar da za ki riƙa sa jaket ɗin da ita, soson kafaɗa a ciki, ki haɗa layin tsakiyar gaba da fil.

Ki duba daga sama zuwa ƙasa, domin gyaran sama yana canza abin da ke ƙasa. Ɗinkin kafaɗa ya kwanta a tsakiyar kafaɗa, ya ƙare a bakin ƙashi ko ya ɗan wuce kaɗan. Layukan da suka ja a kwance suna nufin wurin ya matse. Yadi da ya tattaru a tsaye yana nufin ya yi yawa. Idan gaban ya ɗage sama ya buɗe a ƙasa, ƙirji ne yake neman ƙarin wuri. Ki miƙa hannu gaba kamar za ki ɗauki abu a kan tebur, ki zauna, ki lanƙwasa gwiwar hannu. Tsayin jiki da na hannu ana gyara su ne a kan layuka biyun da aka ja a jikin fatan don haka. Idan kika rage daga ƙasa kawai, aljihu da maɓallai za su koma inda bai dace ba.

Duk gyaran da kika yi ki mayar da shi kan takarda, sannan ki maimaita shi a takardun fesin da shafi. Mantawa da wannan kuskure ne da ba ya bayyana sai a ƙarshen aiki, lokacin da shafi ya ƙi shiga.

4. Shirya yadi da yanka

Yadin da za a riƙa wankewa, ki wanke shi ki goge tun yanzu. Ulu kuwa ki bi shi da tururi ko'ina, ki bar shi a shimfiɗe ya bushe. Idan ba ki yi ba, zai tsuke ne bayan kin gama ɗinki.

Ki ninka yadin fuska a ciki, bakin masaƙa (gefen yadi da ba ya warwarewa) a kan bakin masaƙa. Kowace takarda tana da doguwar kibiya. Ki auna daga kan kibiyar zuwa bakin yadi, ki auna daga gindinta, lambobin biyu su zama ɗaya kafin ki soka fil. Kada ki karkata takarda don ta shiga wani lungu, hannun da aka yanka a karkace murɗewa yake yi, kuma guga ba ta gyara shi. Ki shafa yadin da tafin hannu sama da ƙasa. Idan launi ko laushi ya bambanta, duk takardun su fuskanci gefe ɗaya.

Bayan yanka, kafin ki cire takarda, ki kwashe dukkan alamomi: ƙananan tsagogin bakin takarda, ɗigogi, dat, wurin aljihu, layin tsakiyar gaba, da layin da kwala take lanƙwasawa. Tsagogin ki ɗan datsa su da bakin almakashi kamar milimita 3, kada ki zurfafa. Ɗigogi kuma da alli ko da zare mai wani launi. Ki sa alamar alli a bayan kowane yanki, don wasu yadukan ba a gane fuska da baya, har mutum ya ɗinka hannun dama biyu.

5. Manna gam

Ki fara gwadawa a kan ragowar yadi. Idan ya huce, ki lanƙwasa ki ga yadda ya yi, ki ja gefen ki ga ko ya kama.

Gam yana shiga dukkan gaba ko rabinsa gwargwadon umarnin fatan, da fesin, da kwala. Ni ina ƙara shi a saman baya daga kafaɗa zuwa ƙarƙashin hammata, da siririn yanki a kalmasar ƙasa da ta hannu, da bayan wurin aljihu. Waɗannan ƙarin su ke sa jaket ya tsaya da kansa.

Ki shimfiɗa yadi bayansa a sama, gefen gam mai kaushi a kansa, ƙyallen guga a bisa. Ki ɗora dutse ki danna daƙiƙa 10 zuwa 15, ki ɗaga, ki matsa gaba, sabon wurin ya ɗan hau kan na baya. Gargaɗi: kada ki ja dutsen, jan yana gusar da gam ya miƙar da yadi. Kada kuma ki ɗaga yankin sai ya huce sarai. Daga nan ki sake ɗora takardar fatan a kansa ki tabbatar bai tsuke ba.

6. Haɗa jiki

Abu na farko a keke shi ne layin ɗinki guda a bakin wuya da ramin hannu, ɗan cikin rarar ɗinki, don kada su miƙe yayin aiki. Sai dat da ɗinkin da suka ratsa ƙirji, sai aljihu tun gaban yana shimfiɗe, sai tsakiyar baya, kafaɗa, gefe. Tsawon ɗinki milimita 2.5.

Dokar wannan mataki ɗaya ce: kada wani ɗinki ya ratsa wani sai an goge na farkon. Ki fara goge shi a rufe yadda ya fito daga keke, sannan ki buɗe rarar ki goge da tururi, ki danne da katako har ya huce. Masu lanƙwasa ki goge su a kan matashi. Za ki lura kafaɗar baya ta ɗan fi ta gaba tsawo. Da gangan ne, don ƙashin baya ya samu wuri. Kada ki yanke rarar, ki sa ta baya a ƙasa wajen haƙoran keke su shanye ta.

Ki sake gwadawa a jiki kafin ki ci gaba.

7. Kwala da fesin

Kwala biyu ce, ta sama da ta ƙasa, kuma ta saman ta ɗan fi girma da 'yan milimita, saboda ita ce take zagaye lanƙwasa ta rufe ɗinki. Kada ki daidaita su da almakashi. Ki haɗa bakinsu daidai, ki bar ta saman ta ɗan kumbura. Idan kika yanke, ƙarshen kwalar zai riƙa tashi sama.

Ki bi tsarin haɗawar da takardar umarni ta nuna, amma ki kiyaye abu huɗu. Inda aka sa ɗigo, ɗinki ya tsaya a kan ɗigon daidai, kada ya wuce ko da allura ɗaya. A kusurwa ki rage tsawon ɗinki zuwa milimita 1.5, ki yi ɗinki ɗaya ko biyu a karkace a kan kusurwar maimakon juyawa kai tsaye, za ta fi fitowa da tsini. Bayan ɗinki ki rage rarar hawa-hawa, ɗaya milimita 3 ɗaya milimita 6, mai faɗin ta kasance wadda take jingine da fuskar waje, ki kuma datsa wuraren lanƙwasa ba tare da kin taɓa zare ba. Na huɗu, ki buɗe ɗinkin da guga kafin ki juya. Mutane suna tsallake wannan, shi ya sa bakin gabansu yake fitowa a kumbure.

Da kin juya, ki mirgina ɗinkin ya ɗan koma ɓoye. Idan jaket ɗin mai kwalar da take kwantowa a ƙirji ne, ɓoyen yana sauya gefe a daidai maɓallin farko: daga nan zuwa ƙasa ɗinkin ya koma ciki, daga nan zuwa sama ya koma ƙarƙashin kwala. Layin lanƙwasar kwala ba a danne shi da dutse. Tururi kawai za ki ba shi a kan naɗaɗɗen tawul, ki bar shi ya huce a haka.

8. Saka hannu

Ga wurin da ake gane ɗinkin gida. Kan hannu ya fi ramin da zai shiga girma, sau da yawa da santimita 3 zuwa 4, kuma dole rarar ta shige ba tare da tattara ko ɗaya ta fito ba.

Ki ɗinka hannun, ki goge, ki yi kalmasarsa. Tsaga ɗaya tana nuna gaba, tsaga biyu baya. Tsakanin tsagogin, ta saman kan hannu, ki yi layi biyu na dogon ɗinki milimita 4, ɗaya dab da layin ɗinki, ɗaya ɗan ciki wajen baki. Ki ja zaren ƙasa a hankali har kan hannun ya yi ƙoƙo. Ki ɗora shi a matashi ki ba rarar tururi, ulu zai tsuke ya kwanta da kansa.

Ki soka fil a ɗigon kafaɗa, ƙarƙashin hammata, tsagogi, sannan tsakani. Tsakanin tsagogi ta ƙasan hammata babu rara, haka ma kusan santimita 1 kowane gefen ɗigon kafaɗa, a bar shi a miƙe. Ki riƙe da ɗinkin allurar hannu, ki rataye jaket ɗin ko ki sa shi. Hannu mai kyau yana sauka ya ɗan karkata gaba, yadda hannun mutum yake idan ya sake shi. Idan layuka sun ja a gaba ko a baya, ki farke ki ɗan juya shi. Sai ya zauna sannan ki kai keke, ki ɗinka a hankali kina lallashe yadin da yatsu.

Gargaɗi: kada ki buɗe rarar saman hannu da guga, kada ki rage ta. Ki tura ta cikin hannu, ita take tallafe kan. A ƙarƙashin hammata kawai za ki ƙara layi na biyu ki rage. Daga nan ki ɗaura soson kafaɗa da ɗinkin allurar hannu sako-sako, bakinsa mai kauri ya ɗan leƙa cikin hannu.

9. Shafi

Ki haɗa shafi kamar yadda kika haɗa jiki, da allura lamba 70. A tsakiyar baya akwai ninki na kusan santimita 2, ki ɗinke shi sama da ƙugu da ƙasa kaɗan, sauran ki bar shi a buɗe. Shi ne yake hana shafi yagewa idan kin miƙa hannu. A ɗinkin hannun shafi ɗaya ki bar ƙofa ta santimita 20 zuwa 25.

Ki fara lanƙwasa kalmasar jaket, yawanci santimita 4, ki goge. Ki haɗa shafi da fesin fuska da fuska, daga ƙasan gaba ɗaya ta wuya zuwa ɗayan. Sai bakin hannu, kuma nan ne ake rikicewa. Ki juya jaket ɗin daidai, ki zura hannun shafi cikin hannun jaket kamar yadda za a sa, ki kama bakinsu da fil ɗaya a wajen ɗinki yadda za su zauna. Sannan ki zura hannunki tsakanin shafi da jaket ki jawo su waje ki ɗinka zagaye. Wanda ya tsallake fil ɗin nan yakan tarar hannun ya murɗe ba ya zuruwa.

Ki ɗinke ƙasan shafi da bakin kalmasa, ki kama kalmasar da ɗinkin allurar hannu a jikin gam yadda zare ba zai fito waje ba. Ki jawo jaket ɗin gaba ɗaya ta ƙofar hannu, a hankali, ki rufe ƙofar. Shafin zai sauko ya yi ɗan ninki a kan kalmasa. Haka ake so. Idan ya ɗame, zai riƙa jan ƙasan jaket sama.

10. Gidan maɓalli da gugar ƙarshe

A jaket ɗin mata gaban dama ne yake hawa kan na hagu, don haka gidan maɓalli a dama, maɓalli a hagu. Tsawon gidan shi ne faɗin maɓalli da kaurinsa, da ƙarin milimita 3. Na kwance yana farawa milimita 3 daga layin tsakiyar gaba ta wajen baki, ya nufi ciki. Idan kin canza tsayin jaket, ki sa shi ki sake raba wuraren, ɗaya ya faɗo daidai cikar ƙirji ko ƙugu inda yadi ya fi ja.

Ki gwada a ragowar yadi mai hawa daidai da na gaban jaket: yadi, gam, yadi. Wajen tsagawa ki gitta fil a ƙarshen gidan don abin farkewa kada ya zarce. Idan kekenki ba ya yin gida mai kyau a yadi mai kauri, ki kai wa masu keken gidan maɓalli, ko ki sa manyan maɓallan matsawa a ɓoye. Wajen ɗinka maɓalli ki sa tsinken ashana a kansa ki ɗinka ta bisa, ki zare tsinken, ki naɗe zaren ƙasa ya zama wuya, don kaurin gaban dama ya samu wurin zama.

Ki cire duk zaren riƙo da alamun alli. Ki goge ta waje da ƙyalle a tsakani, bakin gaba da kalmasa ki danne da katako, kafaɗa da kan hannu tururi kawai. Ki rataye shi a maratayi mai faɗin kafaɗa, maɓallai a rufe, ya kwana ya bushe kafin ki sa.